Zagaya Duniya da Jaka Ɗaya

In dai shirin tafiya ake magana, ban ga wanda zai nuna wa mutanen garinmu ƙwarewa ba, don mu sama da shekara ɗari ke nan muna shiri. Ƙauyenmu yana Sudan, bakin Shuɗin Nilu, kudu da Sinnar, ba nisa da Maiurno. Kakanninmu sun baro ƙasar Hausa bayan Turawa sun ci Sakkwato a 1903, suka bi Sarkin Musulmi Attahiru da niyyar Makka. Aka kashe shi a Burmi, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar jama'a gabas, suka sauka nan wajajen 1906 don a ɗan huta a nemi guzuri. Har yau ana hutawar. A 1925 aka gama madatsar ruwa ta Sinnar, aka buɗe gonakin audugar Jazira, aiki ya samu, aka ce bari a tsinci audugar bana a cika kuɗin jirgin Sawakin zuwa Jidda. Bana ta zama baɗi, baɗi ta kawo aure, aure ya kawo mu. Amma ka tambayi Baffana, wanda a nan aka binne cibiyarsa, zai ce maka mu baƙi ne, muna kan hanya. Ko ɗaki bai yarda a gina masa da bulo ba, wai matafiyi ba ya ginin siminti.

Ni wani kawaja, wato Bature, shi ne ya hure min kunne, a 2010, wurin mai shayi a Wad Madani. Ya shigo ta Masar, ya hau jirgin ruwa daga Aswan zuwa Wadi Halfa, yana neman motar Gadarif, daga can ya bi Gallabat ya shiga Habasha. Da gurgun Larabcinsa ya ce duniya yake zagayawa, kuma duk abin da ya mallaka yana cikin jakar da ya goya. Ya buɗe min: riga biyu, wando biyu, gidan sauro, tocila, ƙwayoyin tace ruwa, da buroshin haƙori wanda ya gutsure wa ƙota don rage nauyi. Ya ce sirrin abin ɗaya ne: ka tara kayan da kake ganin kana buƙata ka ajiye rabi a gida, kuɗin da ka tanada kuwa ka ninka shi. Na dube shi, na dubi kaina, jikan mutanen da suka ratsa Barno da Wadai da Darfur da ƙafa, na ce wallahi wannan ai gadonmu ne aka ara.

Na sayi taswira da jakar goyo a kasuwar gwanjo, na sayar da rabona na dawa da akuya biyu, sannan na kai wa Baffa magana. Na shimfiɗa taswirar a ƙarƙashin rakuba, wato rumfa, na ce zan bi Masar, Turkiyya, Indiya, Sin, in haye teku zuwa Amurka, in ɓullo ta Najeriya in dawo gida ta yamma.

Baffa ya daɗe yana kallon takardar. "To ina Makka?"

Na nuna masa.

"Ga ta nan kusa da babban yatsanka, za ka bar ta a gefe ka tafi Sin? Kuma kai yaro, mutumin da ya nufi gabas ya wayi gari yana shigowa ta yamma, ai a garinmu ɓata ake ce masa."

Kafin la'asar labari ya gama gari cewa ɗan gidan wane zai tafi Hajji, sai dai ya zaɓi hanya mai ɗan nisa. Ba wanda ya ga laifin haka. Hanyar lafiya, in ji su, a bi ta da shekara.

A lokacin, fasfo sai da takardar jinsiyya, wato shaidar zama ɗan ƙasa, jinsiyya kuwa sai da shaida daga dangin uba. Tsohuwar dokar 1957 cewa ta yi sai kakanninka suna ƙasar tun kafin 1898, abin da ya bar mutanenmu da yawa a bakin ƙofa, daga baya aka sassauto zuwa 1956. Na ɗauki Baffa muka shiga birni, muka yi layi a wani ofishi tun sanyin safiya. Jami'in mutumin kirki ne, ya miƙa wa Baffa kujera ya ce, "Zauna, ya Haj."

"Ban je ba tukuna," in ji Baffa. "Muna hanya."

"To, tun yaushe zuriyarku take zaune a ƙasar nan?"

"Zaune? Wa ya ce maka zaune muke? Zango muka yi."

Ina taka masa ƙafa a ƙarƙashin tebur, yana janyewa yana ƙara bayani, har da sunayen rijiyoyin da kakanmu ya sha ruwa tsakanin Abeche da Fashir. Jami'in ya rufe fayil a hankali ya ce mu dawo idan mun yanke shawara. Sai da na kai ƙara wurin liman. Malam ya kira Baffa ya tambaye shi, sallar azahar raka'a nawa yake yi. Ya ce huɗu. Malam ya ce ai matafiyi ƙasaru yake yi, kuma a mazhabarmu wanda ya yi niyyar kwana huɗu a gari ya zama mazauni, balle wanda ya yi furfura. Baffa ya koma ya ba da shaida yana cin magani, muna fita ya juya ya gaya wa jami'in, "Amma na wucin gadi."

Daga nan masana suka karɓi ragamar shirin. Kowane gida akwai gwanin tafiya wanda bai taɓa wuce Singa ba. Inna ta ɗura min garin fura a buhu, ta ƙara da kuka, daddawa, da weka, wato garin busasshiyar kuɓewa, wai ta ji an ce mutanen Sin ba su san miya ba. Kawu ya kawo buta da buzu da tabarma. Malam ya ba ni allo da layu, ya ɗora likkafani a sama, ya ce magabata ba su fita sai da shi, in kwantar da hankalina. Goggo ta zo da doka, farantin ƙarfen da ake gasa kisra, ta ce duk inda na sami wuta na sami gida. Na ce, "Goggo, kawajan nan ƙotar buroshi ya yanke don nauyi." Ta ce, "Shi ya sa ka gan shi a rame."

Ita ce kuma ta fito min da babbar amana: gwangwanin guzurin Hajji na kakanmu, wanda kowa a gidan ya taɓa jefa wani abu ciki. Muka buɗe da bismilla. A ƙasa kwabbai ne na zamanin kuɗin Masar, sun yi kore. A kansu tsofaffin takardun jine, wato fam, wasu da hoton Shugaba Numairi da rawaninsa. A sama dinari, wanda aka kawo a 1992 aka soke a 2007. Tarihin kuɗin Sudan kaf yana ciki, sai dai ba abin da zai sayi ko kofin karkade. Na ce a adana shi a gida. Goggo ta fashe da kuka, wai kuɗin nan an tara su ne don su yi tafiya. Gwangwani ya shiga jaka.

Da aka ji zan biyo ta ƙasar Hausa, sai sallahu ya ɓarke. Wasiƙun ajami suka taru, zuwa ga dangin da aka rabu da su tun 1903, adireshinsu kuwa irin su "gidan da ke bayan marina, a tambayi jikokin mai jan jaki". Wata tsohuwa ta riƙe hannuna ta ce kakarta ta bar akuya ajiya a Misau, a gaya musu ba a manta ba. Ta riga ta yi lissafin haihuwar akuyar, bibbiyu duk shekara, ta ce idan garken ya yi min yawa in sayar da rabi in yi kuɗin mota.

Kawajan ya ce a gwada tafiya da kaya kafin ranar tashi. Na zaɓi bayan asuba don kada a gan ni. Ƙannena biyu suka ɗaga jakar suka saƙala min, doka ɗaure a baya, buta tana lilo a gefe, tabarma a gicciye a sama ta fi ƙofar gida faɗi, sai da na fita a karkace. Na bi gefen tur'a, magudanar da ke kai ruwa gonaki, ina taku doka tana amsawa, ƙwal, ƙwal. Karnukan gari suka shinshino kilishin da ke aljihun jakar suka biyo ni a jere. Na juya in kore su, jiki ya juya, jakar ta ƙi tsayawa inda na tsaya. Sai ga ni a rigingine cikin tur'a kamar kunkurun da aka kifar, ƙafafu a sama, ruwa yana shiga kunnena. Mata masu ɗiban ruwa ne suka jawo ni da igiyar jaki. Kafin mu iso gida ruwa ya haɗa weka da kuka da daddawa a cikin jakar, yauƙi yana tsiyaya ta kowace kafar ɗinki, ina tafe ina barin layin miya a ƙasa, yara suna bina suna ihu, "Alhaji ya dawo! Alhaji ya dawo!" Wasiƙun suka jiƙe, tawada ta zagwanye. Da tsofaffi suka ji, sai suka sake rubutawa, suka ƙara tsawo.

Saura ban kwana. Aka ce dole a yi karama, a yanka rago a yi addu'a, kuma matafiyi ne ke saya. Aka ce dole in zagaya gida gida neman yafiya, tunda rai ba a hannun mutum yake ba. A nan na gano yadda yafiya take aiki. Duk wanda nake bi bashi ya rungume ni da hawaye ya ce, "Mun yafe juna duniya da lahira." Duk wanda ke bina kuwa ya ce ba ya so in tsaya gaban Ka'aba da nauyin wani a wuyana, in biya yanzu don amfanin kaina. Har wani ya tuno kankanar da na tsinka a gonarsa ina yaro. Shawarar kawaja dai an bi ta sarai, illa an juya ta: kaya sun ninka, kuɗi sun koma rabi, rabin ma ragon ya ci.

Ranar tafiya karo, wato keken jaki, shi ne ya kai kayana bakin titi, jakin yana waiwayena. Yaron mota ya ɗaga jakar, ya ajiye, ya ce kuɗin mutum uku. Aka yi fatiha, Inna tana kuka, Baffa yana jaddada min in gaida Manzo. Muka wuce Sinnar, muka isa Wad Madani da rana tsaka, na ƙirga abin da ya rage a aljihuna, na ga ko Kartum ba zai kai ni da kayan ba, balle Wadi Halfa. Komawa gida kuwa ba fuska, mutumin da aka ci ragonsa aka yafe masa. Wani dattijo mai agashe, tsiren nan da duk Sudan ta san hannunmu da shi, ya ji ina Hausa da jakata, ya tambayi gidanmu, ya gano kakarsa da kakata sun taɓa haɗa zango. Ya ce in tsaya in taya shi soke nama da barbaɗa ƙuli, in tara guzuri, sannan in wuce. Duk wanda ya bugo waya daga gida ya tambayi inda nake, sai in ce ina hanya, kuma ban yi ƙarya ba.

Wata rana ina fifita garwashi, na ɗaga kai, sai ga Baffa tsaye da sandarsa. Wani ɗan garinmu ne ya gan ni ya kai labari. Na shirya shan faɗa. Baffa ya karɓi tsinke ɗaya, ya ci, ya tambayi nisan nan da gida. Na ce ya ɗan haura kilomita ɗari. Ya tambayi titin da ya wuce ta gabanmu, na ce shi ne mai zuwa Gadarif da Kasala har Bur Sudan, kusan kilomita dubu.

"Alhamdu lillahi," in ji shi. "Shekara ɗari gidanmu bai matsa ko taku ɗaya ba, kai ka matsar da shi kilomita ɗari. In aka riƙe haka, nan da shekara dubu muna bakin teku. Sannu ba ta hana zuwa."

Ya koma ya ba da labari, darajata ta ƙaru. A watan Yulin 2011 Sudan ta Kudu ta ɓalle, taswirata ta tashi aiki, aka kuma canja takardun kuɗi, 'yan canjin da na manta a aljihun jaka suka bi sahun 'yan uwansu cikin gwangwani. Mai agashe ya lura matafiyi ba ya zama ba mai dafa masa, ya ba ni 'yarsa. Dokar Goggo ta sami wuta.

Yanzu ni ne gwanin tafiya na dangi, duk mai niyyar fita ni ake turo wa. Kwanan baya ɗan ƙanwata ya zo da sabuwar jaka da waya mai taswira a ciki, wai zai zagaya duniya. Na zaunar da shi na yi masa bayani tsakani da Allah: riga biyu, wando biyu, gidan sauro, kada ya yarda kowa ya ƙara masa ko allura. Ya yi godiya ya miƙe. Na ce ya dakata, na shiga ɗaki na fito da gwangwanin, da ƙunshin wasiƙu, da likkafanin da ko sau ɗaya ba a yi amfani da shi ba.

Ya ce, "Kawu, ba yanzu ka ce kada in ɗauki komai ba?"

Na ce, "Wannan ai ba kaya ba ne, amana ce. Kuma idan ka isa Misau, kada ka bari su ce maka akuyar ta mutu."