Madalla da Makarantar da Ke Raba Yaro da Littafi

Duk uban da Allah ya jarraba da ɗa mai son karatu, ya yi maza ya nema masa magani tun cutar ba ta yi nisa ba. Alhamdu lillahi, daga Kano zuwa Kaduna har Abuja, makarantun kuɗi da suka ƙware a wannan jinya sun wadata, kuma ba su da wuyar ganewa. Dubi allon bakin ƙofa kawai: hotunan yara ne a jere, kowa da makinsa na JAMB a ƙarƙashin haɓa, duk sama da 300 cikin 400, ga idanu sun zurma saboda tsabar albarka.

Kawo musu yaron nan da ke ɓuya bayan ɗaki da Magana Jari Ce, wanda ya taɓa kwance rediyon gida don ya ga mai magana a ciki. Zango ɗaya ya isa. A tashe shi kafin kiran assalatu, a yi aji har bayan azahar, lesin har dab da magariba, karatun dare har goma. Asabar gwaji. Dogon hutu ma lesin ne, da kuɗinsa daban. Abin karantawa kuwa an tace masa shi tas: tsofaffin tambayoyin WAEC da NECO, da amsoshinsu, da yadda mai maki ke son ganin an jera su. Ran da ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, me ya sa ƙarfe ke tsatsa amma zinariya ba ta yi?" sai a ba shi amsar da ta fi kowace hikima: "Zauna, wannan ba ya fitowa a jarrabawa." Kafin shekara ta zagayo ya daina tambaya. Sauƙi ya samu ke nan.

Masu hassada na cewa wai ta yaya makaranta za ta ci ɗari bisa ɗari kowace shekara. Ai da ƙoƙari ne. A ƙarshen SS2 ana yin gwaji, wanda ya gaza a kira mahaifinsa ofis, a kunna masa na'urar sanyi, a ce, "Alhaji, yaron nan yana da hazaƙa, sai dai muna ganin zai fi sakewa a wani wurin." Asibitin da ke sallamar duk wanda jikinsa ya tsananta, yaushe za a ga an fito da gawa daga cikinsa?

Sun kuma ɗauke wa yaro wahalar zaɓi. Mai ƙoƙari ajin kimiyya zai shiga, likita zai zama, ko da ganin jini na sa shi jiri. Tarihi da adabi na waɗanda lissafi ya kayar ne. In ya kuskura ya yi Hausa a harabar makaranta, tara ce, kuma daidai ne. Da me zai yi da harshen da kakarsa kaɗai ke ji? Ga sauri: an tsallakar da shi aji shida na firamare, ya gama sakandare bai kai shekara 16 da ake nema kafin shiga jami'a ba, sai ya dawo gida ya huta da hujja.

Kada wani ya kawo mini zancen Kwalejin Barewa. Makarantar gwamnati ce, tun 1921 take fama, kuma me ta fitar in ban da su Tafawa Ɓalewa da Gowon da Murtala da Shagari da 'Yar'aduwa? Ko ɗaya cikinsu ba a manna hotonsa da maki a bakin titi ba.

Saboda haka ran da ka je duba makaranta, bar tambayar albashin malamai, ko ya kai mafi ƙarancin naira 70,000 da aka sa a 2024; rashin kunya ne a gidan da kake shirin zuba miliyoyi. Ka ce a nuna maka ɗakin karatu. In ka tarar da kwaɗo a ƙofar, aka ce mabuɗin na hannun akanta kuma ya tafi banki, kada ka tsaya ciniki. Karɓi lambar asusu.