Mun Je Yankari Gaishe da Biri

Kawuna na Kusada ya shekara arba'in yana korar biri daga gonar gyaɗa. Bana 'ya'yansa suka ce ya gaji, ya kamata ya huta. Suka haɗa kuɗi, aka kai shi Yankari kallon biri.

Da asuba muka bar Kankiya. Bichi, Kano, Wudil, Birnin Kudu, Ningi, Bauchi. Kafin mu isa ƙofar Mainamaji, ƙugun kowa ya sage.

A gaskiya giwa muka zo gani. Tun 1956 aka keɓe mata dajin nan, kuma ga alama ta san matsayinta, ba kowane talaka take fitowa gani ba. Mai yi mana jagora ya tsai da mota, ya ce kowa ya yi shiru. Ya nuna wani tulin kashi. "Na jiya ne," in ji shi cikin raɗa. Kowa ya zaro waya. Ni kaina hoto uku na ɗauka.

Can sai ga garken zabi. Wata Baturiya ta dafe ƙirji. Kawu ya ƙare musu kallo, ya ce nasa na gida sun fi ƙiba.

A bakin ruwan Wikki, mai ɗumi ko da hunturu, wani goggon biri ya fizge masa ledar kilishi. Kawu ya duƙa neman dutse.

"A'a, Baba," in ji jagora. "Nan gidansu ne, ku ne baƙi."

Kawu ya miƙe, ya kakkaɓe hannu.

"To, ka gaya masa in damina ta faɗi, ina Kusada."