Yadda Za Ka Gano Sabuwar Hanya a Jikin Dutse, Ka Ba Ta Maki, Ka Tsira da Mutuncinka

Cikin wasannin da ɗan Adam ya ƙirƙiro don wahalar da kansa, da wuya a sami wanda ya kai hawan ƙananan duwatsu. Ba tsauni ake nema ba, ba a kuma ɗaura igiya. Dutse ne na mita huɗu ko biyar, mutum ya zagaya shi, ya ga gefen da tsohuwa za ta hau da tulu a ka, ya ce a'a, ya koma gefen da ya fi sulɓi ya ce ta nan zai bi. Kada ka yi dariya, don tun gasar Olamfik ta Tokyo da aka yi a 2021 wannan aiki ya shiga sahun wasannin da ake cin lambar zinariya da su.

A dajin Fontainebleau da ke kudu da birnin Faris, hanyoyin hawa dubbai ne, kowace da sunanta da makinta a littafi, tun 1947 ma ake zana musu alama da fenti. Mu kuwa, daga Shere da Riyom a Filato zuwa Kufena a Zariya, Dutse a Jigawa da Kwatarkwashi a Zamfara, Allah ya jibge mana duwatsu, mafi yawansu ba wanda ya taɓa rubuta su. Ke nan fili a buɗe yake ga mai son suna. Ga yadda ake yi.

Na ɗaya: zaɓen dutse

Nemi wanda ke kusa da hanya, domin jarumtar da ba mai kallo asarar gumi ce. Kafin ka ɗaga kai sama, duba ƙasa, tunda komai nisan jifa nan zai dawo. In ka ga ƙaya, ko tsinin dutse, ko gangare mai kai wa ga gonar mutane, ka yi gaba. Sannan ka ƙwanƙwasa duk makamar da kake shirin riƙewa. Irin dutsenmu rana da sanyi suna sa shi ɓare ɓawo, in ka ji ƙarar holoƙo, to wannan makamar tare za ku sauko. Ramin da ya yi maka kyau kuma, tura kara ciki kafin yatsa. Kunama da zuma ba su san kai ɗan wasa ba ne.

Ka kuma gaida mai unguwa. Akwai dutsen da mutanen gari ba sa son a taka, kuma ba a gardama da su. Inda akwai zanen mutanen da, kamar Dutsen Habude da Dutsen Mesa a Birnin Kudu, ko kusa kada ka je da allin da mahawa ke shafa wa hannu. A Hueco Tanks ta jihar Texas a Amurka, saboda kare irin wannan zane aka taƙaita shigar mahawa tun 1998.

Na biyu: tabbatar ba a riga ka ba

Littattafan Turawa sun ce farin tabo a jikin dutse alamar allin wani mahawi ce. A nan, farin zanen da ya gangaro daga tsaga fitsarin rema ne ko kashin tsuntsu, saboda haka kada gabanka ya faɗi. Abin tsoro na gaskiya shi ne yaron nan mai kiwon awaki da ke zaune a inuwa yana kallonka tun ɗazu. Kada ka kuskura ka tambaye shi ko an taɓa hawa ta nan. Zai ajiye sandarsa, ya tuɓe silifa, ya haye da rake a baki, ya leƙo daga sama ya ce, "Yallaɓai, nan kake nufi?" Dabara ita ce ka saya masa gyaɗa, ka roƙe shi ya dubo maka awakinsa can bayan tsauni. Wanda ba a tambaya ba bai yi musu ba.

Na uku: kayan aiki

Kana bukatar takalmin hawa mai matse ƙafa har yatsu su lanƙwashe. In kana iya murmushi a cikinsa, ya yi maka yawa. Sai alli na shanye gumin hannu, wanda Ba'amurke John Gill ya aro daga 'yan wasan tsalle-tsalle a shekarun 1950. Ba allin allo ba ne, kada ka wawashe na makarantar unguwa. Sai buroshi mai laushi na share ƙura, da katifar faɗuwa. In ta gida za ka ɗauka, ka shirya amsar da za ka ba uwargida da maƙwabtan da za su zaci an kore ka.

Na ƙarshe shi ne abokin da zai tsaya bayanka da hannu a sama. Aikinsa ya karkata ka zuwa katifa, ya kare maka kai da wuya. Kada ka zaɓi mai yawan amsa waya, kada kuma ka zaɓi wanda kake bi bashi. Lambar mai ɗori ta zauna a aljihunsa, ba a naka ba.

Guduma da kurfi su kwana a gida. Sassaƙa makama a jikin dutse shi ne laifin da mahawan duniya ba sa yafewa.

Na huɗu: ƙara wa hanya wuya

In ka hau a gwajin farko, an cuce ka, domin ba mai ba da labarin abu mai sauƙi. Akwai gyara. Zauna daɓas a ƙasa, ka kama dutse, ka fara daga nan. Wannan ƙa'ida ce sananniya a wasan, kuma takan ƙara maki. In har yanzu da sauƙi, ka yanke hukuncin cewa babbar makamar nan ta dama ba ta cikin lissafi. Kada ka faɗi dalili. Mai hanya shi ke da doka.

Na biyar: sanin ma'auni

Ma'auni biyu ne suka fi yawo. Na Faransawa yana tafiya da lamba da harafi: 6A, 6B, 7A, har 9A. Na Amurkawa yana farawa da V0, kuma ya fito ne daga John Sherman, wanda ya rubuta littafin hanyoyin Hueco Tanks a 1991. Shi da kansa bai so sa maki ba, mai buga littafin ne ya matsa masa. V3 ta yi kusan daidai da 6A, V6 da 7A, V17 da 9A. Hanya ta farko da aka ba V17 tana Finland, Nalle Hukkataival ya hau ta a 2016 bayan ya shafe shekaru yana faɗowa, kuma sai a 2023 Will Bosi ya zama na biyu, bayan ya yi atisaye a kan kwafin makamanta da aka ƙera. Na faɗi wannan ne don in dutsen bayan gidanku ya ba ka wuya da la'asar ɗaya, ka san ba V17 ba ne.

Sirrin da ba a so a faɗa shi ne, babu sikeli, babu awo. Wanda ya fara hawa shi ke faɗin maki, waɗanda suka biyo baya su ƙara ko su rage. Ciniki ne irin na kasuwar kara: ka sa suna da tsada, jama'a su taya, a daidaita a tsakiya.

Na shida: yanke maki

Fara da V2. In fatar yatsunka ta ɗaye har shan shayi ya gagara, ƙara ɗaya. In akwai 'yan kallo, ƙara ɗaya. In da tsakar rana ka hau a watan Afrilu, dutse na ƙuna, hannu na zufa, ka san zafi ne ya wahalar da kai, amma ba dole ka sanar da kowa ba. Da sanyin hunturu, lokacin da iska ta bushe, roba da fata sun fi kama dutse, wanda ya zo a Janairu zai ce hanyarka wasan yara ce. Ka riga shi, ka ce makama ɗaya ta karye bayan tafiyarsa.

Akwai kuma tafarkin manya, wato rage maki da gangan. Ka sha wuya mako guda, ka fito kana kaɗe hannu ka ce, "Ai ɗan V1 ne." Abokanka za su yi ta zubowa kan katifa suna tuhumar kansu, kai kuwa darajarka na hawa. Illarsa ɗaya: ba za a ƙara kiranka walima ba.

Na bakwai: suna da kariya

Raɗa mata suna mai sa gaba faɗuwa: "Sai Mai Ɗori", ko "Bar Wasiyya". Rubuta inda ake farawa, inda ake ƙarewa, da gefen da ake sauka, don an sha ganin gwani a saman dutse yana kiran a kawo tsani. In dogo ya zo ya rage maka maki, ka ce tsawo ne ya taimake shi. In gajere ne, ka ce ba shi da nauyi. In mace ce ta haye ba ko nishi, ka tuna Janja Garnbret ta Sulobeniya ta ci zinariya a Tokyo da Faris, ka yi tafi ka ja bakinka.

In kuwa wata safiya ka tarar masu fasa dutse sun riga ka, tifa ta kwashe hanyarka zuwa ginin wani attajiri, kada ka yi baƙin ciki. A tsohon ma'aunin John Gill, maki mafi girma shi ne B3, na hanyar da aka hau sau ɗaya tak, da an maimaita ta sai ta sauko B2. Taka ba mai maimaita ta har abada. Faɗi duk lambar da ka ga dama, ka dai tabbata yaron nan mai awaki ba ya wurin.