Zakara da Ire-iren Masu Shi

Halin zakara yana fitowa fili ne tsakanin wata huɗu zuwa shida da ƙyanƙyasa. Kafin nan ɗan tsako ne mai bin uwa, ko mai bin duk wanda ke watsa tsaba. Da zanko ya yi ja, murya ta fashe, sinadarin testosteron ya hau, sai tsuntsun da jiya yake gyangyaɗi a cinyar mutum ya fara kallon mutumin da gefen ido. Aikinsa a cikin kaji sananne ne. Shi ne mai gadi, kuma kukan da yake yi idan shaho ko shirwa ta gifta dabam yake da wanda yake yi wa muzuru ko kare. Shi ke tono abinci ya kira kaji, yana ɗaga ƙwaya yana ajiyewa. Shi ke korar duk wanda ya ɗauka abokin takara ne, ko da kuwa mai ƙafa biyun nan sanye yake da babbar riga.

Jini yana da nasa rabon. Brahma, Orpington, Cochin da Silkie sun yi suna wajen sanyin hali. Zakaran Rhode Island Red ana yawan kuka da shi. Asil na Indiya da Pakistan, wanda aka yi ƙarnuka ana kiwonsa don faɗa, yakan yi ladabi ga mutum, amma ba ya ganin wani zakara ya ƙyale. Zakaran gida na gargajiya ba ya cika samun lokacin rigima da mutane, domin tun safe yana kan juji yana neman na kansa. Matsala takan soma ne idan aka zagaye shi da katanga, aka raɗa masa suna, aka mai da shi ɗan gida. Masana kiwo sun daɗe da rarraba nau'o'in zakara. Mutanen da ke ajiye shi don sha'awa su ma suna rarrabuwa, kuma sanin su ya fi amfani ga mai shirin shiga gidan wani.

Ta farko ita ce uwar goyo. Yawanci Hajiya ce da 'ya'ya suka watse, wani lokacin kuma tuzuru ne mai ɗaki ɗaya. Ta samo ɗan tsako, ta rene shi a kwali kusa da gado, ta ba shi shinkafa a tafin hannu, ta sa masa suna Auta ko Janar. Komai an yi masa ban da rigakafin cutar Newcastle, wadda ke share kajin unguwa da hunturu, duk da cewa a nan ƙasar, a garin Vom, ake sarrafa maganin. Zakaran da aka rena a hannu ba ya tsoron mutum, kuma tsoron nan shi ne rabin ladabinsa. Ranar da ya fara kai mata sara a dunduniya, Hajiya ba ta zargin girma. Baki aka yi masa, ko kuma sabuwar 'yar aiki ce ta ɓata masa rai. "Auta ne fa, ni na rene shi," in ji ta, tana shafa man zafi.

Na biyu shi ne lauyan zakara, kuma ya cancanci dogon bayani, domin babu unguwar da ba ta da nata. Ana gane shi tun daga zaure. Baƙo ya yi sallama, ya hango wani jan abu mai faɗin ƙirji a tsakar gida, ya tsaya. Sai maigida ya ɗaga murya daga kan tabarma: "Shigo kawai, Malam, ba ya komai." Wannan jimla ita ce gargaɗi mafi inganci da baƙon zai samu, sai dai ba a gane hakan sai daga baya.

Zakara ba ya ɓoye niyyarsa. Yakan saki fiffike ɗaya ƙasa, ya riƙa tafiya a karkace, gashin wuyansa ya tashi, ya riƙa tsattsagar ƙasa alhali babu ko ƙwaya a wurin. Lauya yana ganin duk wannan, fassararsa kuwa ita ce: "Ka gani ko? Maraba yake yi maka." Zakaran yana jira ne baƙo ya juya baya don cire takalmi. Daga nan sai a ji fuka-fuki, a ji salati, a ga takalmi ɗaya a bakin rijiya.

A nan ake buɗe shari'a. Matakin farko mamaki ne: "Ikon Allah! Wallahi bai taɓa yi ba." Ana faɗin haka a gidan da mai ruwa ya daina wuce ƙofa, almajiri yana miƙo kwano ta saman katanga, mai kawo takardar kuɗin wuta kuma yana liƙa ta daga waje ya ƙara gaba. Mataki na biyu shi ne juya laifi. Jar hular baƙo ce ta jawo. Idan hular fara ce, to turarensa ne. Idan ya gudu, ai gudun ne ya tunzura shi. Idan ya tsaya cak, ai tsayawar raini ce. Idan mace ce aka sara, gyalenta ne ke kaɗawa. A mataki na uku ake kawo tarihin wanda ake ƙara: wata damina ya kori maciji daga bayan randa, wata rana ya hana shaho ɗaukar tsako, kuma macijin yana ƙara tsawo duk lokacin da aka maimaita labarin. In baƙo ya kuskura ya furta baƙar magana, sai a tuna masa cewa akwai hadisi a littafin Abu Dawud da ya hana zagin zakara saboda yana tayar da mutane salla. Hadisin yana nan, amma bai ce a sake shi a kan baƙi ba.

Abin da ke tona asirin lauya shi ne ƙaurinsa. Mai lura zai ga tabo iri-iri, sabo da tsoho, waɗanda yake cewa salansar babur ce ta ƙone shi, ko da bai mallaki babur ba. Zai kuma lura cewa maigidan ba ya ratsa tsakar gidansa sai da tsintsiya a hannu, ko da azahar ne, ko da an riga an yi shara. Matarsa takan fita shanya da murfin tukunya. Yaran gidan sun san hanyar bayan ɗaki da ba ta bi ta gaban akurki. Gidan duka ya sake tsari don zakara ɗaya, kuma har yanzu matsayin hukuma shi ne ba ya komai. Idan baƙo ya zo tafiya, lauya yakan raka shi har ƙofa yana tare masa baya, yana cewa, "Sai ka riƙa zuwa, Malam, don ya saba da kai."

Mai agogo ya fi sauƙin sha'ani. Hujjarsa ita ce zakara ke tashinsa asuba. Kimiyya ta ba shi rabin gaskiya: a 2013 masu bincike a Jami'ar Nagoya ta Japan sun nuna cewa carar asuba daga agogon cikin jikin zakara take fitowa, yana yin ta ko an ajiye shi a ɗakin da haskensa ba ya canzawa. Ɗaya rabin shi ne zakara yana cara idan ya ga fitilar mota, idan aka kawo wuta da tsakar dare, idan wani zakara ya yi a ƙarshen layi. Mai agogo kansa barci yake yi har rana ta fito. Maƙwabta ne ke tashi.

Daga nan ake samun mai ƙorafi, wanda ba shi da zakara amma rayuwarsa ta rataya a kan na wani. Ba a raina kukansa: masu bincike a Beljiyam sun auna cara a daidai kan zakara suka samu ta haura desibel 130, kuma shi zakaran kunnensa yana ɗan toshewa idan ya wangame baki, gatan da ba a yi wa maƙwabci ba. A gidan haya ƙarar takan tsaya a wurin mai gida ko mai unguwa. A Faransa ta kai kotu. A watan Satumba na 2019 kotun Rochefort ta yanke cewa wani zakara mai suna Maurice, na tsibirin Oleron, ya ci gaba da cararsa, ta kuma sa masu ƙara su biya Yuro 1,000. A Janairun 2021 majalisar ƙasar ta yi dokar kare sautuka da warin karkara. Bai kamata wannan labari ya kai kunnen lauyan zakara ba.

Ɗan gayu ya sayi Brahma da kuɗin da zai sayi tunkiya, don Facebook. Tsuntsun ƙato ne, salihi, gashi har yatsu, yana haki da zafin bazara, yana jan taɓo da damina. An saya masa fanka. A gidan nan zakara shiru yake, maigida ne ke cara.

Mai tausayi ba ya iya yanka. Kusan rabin duk ƙyanƙyasa maza ne, don haka cikin shekara guda yana da zakaru shida da kaji huɗu, alhali ƙa'idar masu kiwo zakara ɗaya ne ga kaji wajen goma. Tun a 1921 wani ɗan ƙasar Norwe, Thorleif Schjelderup-Ebbe, ya bayyana yadda kaji ke jera kansu daraja-daraja da sara, kuma masu binciken Nagoya sun ƙara da cewa babban zakara ne ke buɗe carar asuba, na ƙasa su biyo a jere. Mai tausayi yana da duk jerin a bayan tagarsa. Kajinsa mata bayansu ya saɓule, kullum akwai mai jini a zanko, shi kuwa yana cewa 'yan'uwa ne, za su shirya.

Kishiyarsa ita ce tsohuwa mai lissafi. Tana son zakaranta tsakani da Allah, tana yi masa magana, tana ware masa dusa da gara. Amma ta riƙe karin maganar nan cewa sabo da kaza ba ya hana yanka. Zakaran da ya sari jika yakan dace da zuwan baƙo, ko suna, ko Salla, ko dai wata Juma'a da aka ji sha'awar romo. Ba ta taɓa jin labarin ilimin gado ba, amma shi take aiwatarwa: mai mugun hali ba ya barin iri. Shi ya sa zakarun gidanta duka masu ladabi ne. Ta kuma san cewa ba a bin zakara da gudu da rana. Da dare ake ɗauke shi daga inda yake kwana, a danne fuka-fukansa a ƙarƙashin hammata, a rage masa tsinin ƙaimi idan ya yi tsawo.

Duk waɗannan ana iya zama da su. Wanda ba a yi wa dariya shi ne mai tsokana. Shi ne ke miƙa wa ɗan zakara ƙafa yana ja da baya, yana kiran abokai su zo su ga jarumi, yana koya wa yara su jefe shi su ruga. Idan tsuntsun ya koyi darasin, sai a koma duka da harbi da ƙafa don a sauke masa girman kai, abin da ke ƙara tabbatar masa cewa mutum abokin gaba ne. Da ya gagara, mai tsokana ba ya yanka shi, ba ya killace shi. Kyautarsa yake yi. Yakan kai shi gidan ƙanwarsa mai yara ƙanana, ya ce, "Ga shi nan, Ladidi, yara su riƙa wasa da shi," bai ƙara ko kalma ɗaya ba. Ƙaimin zakara ƙashi ne a ciki, yana girma muddin ransa, yana huda nama ya shigar da datti, kuma tsallensa daidai yake da fuskar yaro ɗan shekara biyu. A 2019 an ruwaito daga Ostireliya cewa wata tsohuwa mai shekara 76 ta rasu da zubar jini bayan zakaranta ya sari kumburarriyar jijiya a ƙafarta tana ɗibar ƙwai. Irin wannan ba kasafai yake faruwa ba, amma raunin ido da na fuska ga yara ba baƙon abu ba ne. Mutumin da ya san halin tsuntsunsa ya miƙa shi gidan yara ya yi shiru, mugunta ya aikata, kuma zakaran ne za a yanka a kanta.

Akwai kuma wani ƙaramin rukuni na masu karatu. Su ne suka san sunan mutumin Norwe da shekarar binciken Japan. Suna iya bayyana cewa bai kamata a gudu ba, bai kamata a kai duka ba, a tsaya ne a fuskanci zakara, a taka zuwa gare shi a natse, in da hali a ɗauke shi a zaga da shi a hammata har ya huce. Shawarar daidai ce, masu kiwo da dama suna aiki da ita. Su masu karatun ba a cika ganinsu suna gwadawa ba. Sukan yi bayanin ne daga cikin zaure, ƙofa a sakaye, suna jiran a aiko yaro ya ce an kulle akurki. Wasunsu har maƙala suke rubutawa a kan halayen sauran.