Ire-iren Ɗaliban Gashin Ƙashi

Karatun gashin ƙashi, wato fannin lafiyar da ke maido wa jiki motsinsa ta hanyar motsa gaɓoɓi, tausa, zafi, sanyi da na'urorin lantarki, yana ɗaukar shekaru da dama a jami'o'in Nijeriya, kuma tun daga 1966 da Jami'ar Ibadan ta fara bayar da digirinsa, ajin ke tara mutane masu manufofi mabambanta, waɗanda idonsu ba lallai ne yana kan abu ɗaya ba ko da suna zaune a kan benci ɗaya.

Kaso mafi yawa shi ne na Baƙon Dole, wato ɗalibin da ya cike karatun likita a takardar JAMB, makinsa ya gaza kaɗan, jami'a ta turo shi nan. Shekararsa ta farko takan ƙare ne a zirga-zirgar neman canjin sashe, ta biyu kuma a lissafin ko zai sake jarrabawa, alhali a gida an riga an fara kiran sa Dakta, shi kuma bai ga dalilin gyara wa manya magana ba. Yawanci sai a aji huɗu, ranar da ya ga wanda ɓarin jikinsa ya shanye ya ɗaga cokali da kansa, yake daina zancen canji, daga nan kuma ya fi kowa zafin kare sana'ar.

Kusa da shi akwai Mahaddaci, wanda ya ɗauki anatomi, ilimin tsarin sassan jiki, kamar allon da za a biya a wanke. Ya san ƙasusuwa 206 na baligi da sunayensu na Latin, yana iya jero inda kowace tsoka ta faro da inda ta maƙale da jijiyar da ke ba ta umarni, har yakan zana saƙar jijiyoyin da ke tasowa daga wuya zuwa hannu idonsa a rufe. Matsalarsa tana bayyana ne sa'ad da malami ya kwantar da mutum mai rai ya ce a nuna tsokar da yatsa, domin a littafi an yi mata jan launi da kibiya, a jikin ɗan Adam kuwa fata da kitse sun lulluɓe ta ba tare da neman izinin kowa ba. Abokin zamansa a ɗakin fiɗar gawa shi ne wanda warin fomalin, ruwan da ke hana gawa ruɓewa, ke kayarwa a makon farko, ya rantse ya bar cin nama, rantsuwar da ba ta kaiwa ga tsiren yammacin Juma'a.

Mafi ban dariya, kuma mafi haɗari, shi ne Gwani Tun Ba a Je Ko'ina Ba. Wannan da zarar an koya masa amfani da goniyomita, ma'aunin da ke nuna iyakar lanƙwasuwar gaɓa, sai duniya ta zame masa asibiti. Ba ya iya kallon mutum yana tafiya a titi ba tare da ya gano masa gajartar ƙafa ko karkatar ƙugu ba, yana shiga a-daidaita-sahu sanye da farar riga, yana gyara wa liman zaman tahiya a zuci, kuma a hutun ƙarshen zango gwiwar kakarsa ce ke biyan kuɗin abin da bai gama fahimta ba. Yakan ja da maɗorin unguwa, wanda ya shekara talatin yana ɗaure karaya, kuma ko da yake yana da gaskiya cewa ɗaurin da ya matse yana iya tsayar da jini har a rasa hannu, yadda yake faɗin gaskiyar kan sa jama'a su ƙara komawa wurin maɗorin.

Ɗan Ƙwallo kuwa ya zo ne da hoton kansa yana rugawa cikin filin Sani Abacha da jaka a hannu domin ceto ɗan wasan Kano Pillars. Idan aka tura shi koyon aiki a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ko Asibitin Ƙashi na Dala, sai ya tarar da dattawa masu ciwon baya, da waɗanda babur ya karya, da yaran da ƙwaƙwalwarsu ta sami rauni wajen haihuwa, ya gane cewa ba a tafa wa kowa a nan. Masoyin Na'ura shi ma yana da ranar kunyarsa, domin ya dogara kacokan ga jar fitilar gashi da injin da ke motsa tsoka da lantarki, idan aka ɗauke wuta sai ya tsaya yana kallon hannuwansa. Mai Shirin Ƙetare ba ya buƙatar dogon bayani: ya fi sanin ƙa'idojin rajista a Ingila da kuɗin jarrabawar Turanci fiye da jadawalin darasinsa.

Saura ɗaya da ba a cika lura da shi ba, wato wanda kullum ake cewa ya hau gado a gwada darasi a jikinsa saboda ba ya musu. Shekara uku ana lanƙwasa shi, ana miƙar da shi, ana auna ƙarfin tsokarsa daga 0 zuwa 5, har ya san bambancin hannu mai tausayi da hannu mai gaggawa ta hanyar da littafi bai koyar ba, kuma sau da yawa shi marasa lafiya ke tambaya idan bai zo ba. Dukkansu dai, da shi da masu farar riga, ba wanda doka ta yarda ya yi aiki da kansa sai ya yi shekara guda ta horon asibiti bayan digiri, ya kuma sami cikakkiyar rajista daga MRTB, hukumar da ke kula da sana'ar, wadda aka kafa da dokar 1988.