Katifa a Cikin Takalmi

A Suwidin akwai gasar O-Ringen, wadda tun 1965 ake sakin mutane cikin daji da taswira da kamfas, kowa ya nemi hanyarsa a guje. Takalmin wasan matsattse ne, ƙasansa har da ƙusoshin ƙarfe. To, wai cikin wannan ƙunci mai ciwon diddige zai cusa shimfiɗar da likita ya auna masa ƙafa ya yanka. Sai ta ɗaga diddigen sama, dutse ya samu damar murɗe idon sawu cikin girmamawa. Aka faɗa fadama kuwa, shimfiɗar ta sha ruwa ta ƙoshi, kowane taku da tsaki. Ɗan tsere Abebe Bikila dai, a birnin Rum a 1960, ko silifa bai saka ba ya ci zinare.