Kowa Ya Dubo Nan!

A shekarar 2006 aka ba wasu ƴan Ostireliya biyu, Nic Svenson da Piers Barnes, kyautar Ig Nobel, wadda ake ba binciken da ke fara ba mutum dariya kafin ya sa shi tunani. Abin da suka zauna suka lissafa shi ne: sau nawa za ka ɗauki taron jama'a hoto kafin ka dace da guda wanda ba wanda ya ƙifta ido? In mutanen ba su kai ashirin ba, in ji su, raba yawansu gida uku idan akwai haske, gida biyu idan hasken ya yi ƙaranci. In kuwa sun doshi hamsin, ka fid da rai kawai.

Da wannan ilimi a ka na sauka Tchaké ranar jajibirin Sallar Layya ta 2025, bayan na bi kwalta daga Maraɗi zuwa Cadawa, na karkata Mayahi, na ƙarasa bisa kabu-kabu. Tun a mota na ƙirga mutanen gidanmu, goma sha takwas. Hoto shida ke nan. Na ware wa aikin minti goma.

Yayanmu ne ya ba da aikin. Yana Sabha, can Libiya, yana aikin gini. Ya bar matarsa da ciki, ga yaron yanzu har yana bin kaji da gudu. Ya aiko saƙon murya cewa hoto ɗaya yake so, kowa da kowa a ciki, da kayan Salla. Wanda ya aiko kuɗin rago kuwa ba a ce masa sai wani jiƙon.

Duk mai koyar da ɗaukar hoto da maganar haske yake farawa. Kada ka ɗauki mutane rana tsaka, don rana na bisa kai, inuwar goshi ta cika kwarmin ido, kowa ya yamutsa fuska. A bari sai da sanyin safiya ko bayan la'asar. Gaskiya ne, sai dai wanda ya tsara wannan doka bai taɓa yin Sallar Layya a ƙauye ba. Maza da safe suke ado, su tafi idi, su dawo su tuɓe manyan riguna su kama yanka da fiɗa. Mata a lokacin suna bakin murhu da kayan ciki, ba mai ganin kwalliyarsu sai rana ta yi sanyi. Babu sa'a guda a yinin nan da gidan duka ke cikin ado. Baba ya ce da an sauko idi, tun bugun shaddarsa bai kwanta ba. Inna ta ce sai yamma. Aka yi sulhu irin na gida, kowa ya rasa abin da yake so: bayan azahar.

Na ce to a nemi inuwa. Babban icen da ke tsakar gidanmu gawo ne, shi kuwa gawo halinsa daban da na sauran itatuwa: da rani yake ganye, damana na ƙaratowa ya kakkaɓe. Shi ya sa manoman Maraɗi ke barinsa cikin gona, ba ya tare wa hatsi rana. A farkon Yuni abin da ya rage masa ƴan ganye ne jefi-jefi, masu zuba wa fuskar mutum dabbare-dabbaren haske. Ga farar shaddar Baba tana walƙiya, wayar ta bi farin ta rage haske, fuskoki duka suka dushe. Maganin wannan sananne ne, ka taɓa fuskar mutum a gilashin waya, sai ta daidaita hasken da fatarsa. Na sa yatsa na taɓa. Gwaggo, da ke leƙe ta bayana, ta ja da baya ta riƙe haɓa.

"Yau na ga ikon Allah. Yaron nan goshin ubansa yake dungura!"

Sai maganar abin da zai fito a bayan mutane. Katangarmu ta gabas ta faɗi tun damanar 2024, wadda ta rushe gidaje da yawa a jihar Maraɗi, an kuma tare giɓin da karan dawa da wani tsohon kwano. Na tuna da Seydou Keïta, mai hoton Bamako da ya buɗe shagonsa a 1948. A tsakar gida yake aiki da hasken rana, ya rataya zane mai ado a bayan mutum, ya ara masa rediyo ko agogo ya riƙe, ga shi yau hotunan nasa na rataye a manyan gidajen tarihi na Turai da Amurka. Na ce mu ma mu rataya zane mu rufe giɓin. Baba, wanda ko gishiri za a saya sai ya ce a bari ya yi shawara, ya amsa nan take.

"Madalla. A rufe shi da kyau. Har ƙasa."

Zanen wa za a rataya? Inna ta fito da atamfarta ta ƙasan adaka. Amaryar Baba, da ta shekara goma sha biyar ana ce mata amarya, ta fito da leshi. Ba wadda ta ce uffan. Kowace ta miƙo mini nata tana kallon wani wuri. Kaka ce ta cece ni, ta aika a ɗauko sabuwar tabarmar kaba, irin wadda ake saƙawa a yankin Gulbin Kaba, ta ce tabarma ba ta da kishiya. Muka ɗaure ta da igiya a jikin dirka biyu.

Dokar jeri ita ma a takarda sauƙi gare ta: dogaye a baya, gajeru a gaba, yara a ƙasa, a matso jiki da jiki kada a bar giɓi. Baffa, wan Baba, ya fi kowa tsawo a gidan. Na ce, "Baffa, ku ɗan koma baya."

"Bayan wa?"

Aka kawo masa kujera. Kujerar kirki kuwa guda ce a gidan, Baba na kanta. Baba ya tashi ya ba wansa, shi aka kife masa turmi, sai ya fi Baffa tudu. Aka sauya. Aka sake sauyawa. Daga ƙarshe aka aika gidan mushen lakwal aron kujera ta biyu, ta zo tare da mushen da ƴaƴansa uku.

Inna ta zauna dama da Baba, amarya hagu, yadda ya kamata. Na ɗauki na gwaji na nuna. Nan ne na gane abin da masana ba su rubuta ba: wanda ke damar mai gida, a hoto hagun mai kallo yake fitowa. Gwaggo ta karɓi wayar ta ƙura ido.

"Wa ya mai da uwargida hagu?"

Na yi bayani, na juya jikina, na juya wayar, na kira mushe ya yi shaida. Mushe ya ce lalle haka kimiyya ta nuna. Gwaggo ta ce ita ba kimiyya za ta aika wa ɗanta a Libiya ba. Aka musanya musu wuri, sai Inna ta ga a zahiri tana hagun mijinta, gaban jama'a, ranar Salla.

Wannan duk mai sauƙi ne a kan kunya. Matar Yaya, wadda saboda ita da ɗanta ake wannan wahala, ba za ta tsaya kusa da surukinta fuska a buɗe ba. Ta laɓe bayan Gwaggo ta ja mayafi har hanci. Inna kuma Yaya ɗan farinta ne, ko sunansa ba ta faɗa. Da na ce ta dubo waya ta yi fara'a, sai ta tambaya wa zai gani. Na faɗa mata.

"Ni zan tsaya ina washe wa wancan yaron baki? Ɗauki abinka haka nan."

Ta kau da kai tana kallon rumbu. Dattawan maza kuwa hoto ɗaya suka sani a duniya, na katin ɗan ƙasa, don haka suka ƙame, suka haɗe gira kamar waɗanda jandarma ya tsayar a shinge. An ce mai hoto ya ba da dariya don fuskoki su saki. Na gwada. Yara suka fashe har suna faɗuwa, Baffa ya ce in na gama wasan a gaya masa.

Duk wannan abin da ake, ƙofar gida a buɗe take. Maƙwabta suka shigo barka da Salla suka tsaya. Wanzamin gidanmu ya ce shi ya yi wa Yaya aski ranar suna, ba a yi hoton nan ba shi ba. Almajirai suka cika gaba. Wani maroƙi ya shigo ya kama kirarin kakanmu, ya samu wuri tsakanin Baba da Baffa. Na ƙirga, na wuce arba'in, na daina. Na ja da baya don kowa ya shiga, har na kusa taka wutar da aka kewaye da raguna, an banƙare su bisa sanduna yadda muke yi a Nijar, sai washegari a rarraba. Hayaƙin ya juyo, ido na ruwa, ƙiftawa ta ninka. Mutanen Ostireliya ba su sa hayaƙin kitse cikin lissafinsu ba.

Saura ni. Yaya ya ce kowa da kowa. Na kife wancan turmin, na jingina wayar da gwangwanin tumatir, na saita ta ta jira daƙiƙa goma sannan ta ɗauka a jere, na ruga na tsuguna gefen Kaka ina ihu, "Kowa ya dubo nan!" Mutum ɗaya ne ya ji maganata da gaske, ɗan Yaya. Ya dubo, ya taso, ya tafi kai tsaye ya cafe wayar. Abin da ya shiga hannun tarihi shi ne ƙofofin hancinsa biyu, daga kusa ƙwarai.

Kafin a lallashe shi gabas ta yi ja. Duk ɗan ƙasar nan ya san abin da ke biyo baya, ƙura tukuna, sannan ruwa in Allah ya so. Na mai da wayar kan turmi, na danna, na ruga. Iskar farko ta iso daidai lokacin. Mamaki ya sa kowa ya zaro ido, mayafin matar Yaya ya zame, Inna ta juyo don ta ga me ke faruwa. Ba wanda ya ƙifta, mutum arba'in da wani abu. Iskar nan kuma ita ta ɗauke tabarmar kaba ta yi gidan maƙwabta da ita.

Aka watse ceton nama. Da dare, bayan ruwa ya ɗauke, na hau tudun da ake samun rezo na tura hoton. Da asuba gari duk ya fita shuka, ni ina bin Baba da ƙwaryar iri, sai ga amsa ta shigo. Na buɗe muryar da ƙarfi don kowa ya ji yabo. Yaya ya gai da Baba, ya gai da Inna, ya ce yaro ya girma, Allah ya raya. Sannan ya yi gyaran murya.

"Baba, na buɗa hoton na duba da kyau. Wancan giɓin na bayanku, ba katangar da na aiko kuɗin siminti da bulo tun bayan girbi ba ce? Kuma babur ɗin da ke jingine wurin, sabo, na wane ne?"

Magini ne, ba abin da ya fara gani sai bango. Baffa, da ke saran rami a gabanmu, bai waiwayo ba, sai dai saurinsa ya ƙaru.

Baba ya jefa iri ya take da diddige, ya jefa ya take, har muka kai ƙarshen layi. Sannan ya matso kusa da ni ya rage murya.

"Kai, yaran nan na Tasawa masu wankin hoto, waɗanda ke sa mutum gaban Ka'aba alhali ko Agadas bai taɓa zuwa ba. Suna iya gina katanga?"

Na ce suna iyawa, amma Yaya ya riga ya gani.

"Ka ce masa wancan tsohon hoto ne. Nawa za su amsa?"

Na ce ba zai wuce jaka guda ba.

"A yi mata fenti," in ji Baba. "Shuɗi. Kuma su fid da babur ɗin."